Zoɓon da Ya Kwana Goma Sha Biyu

Na manta lambar gidan da muka zauna a unguwar Sri Petaling, na manta jerin tashoshin jirgin da nake bi zuwa kasuwa, Malayancin da na ɗan tsinta ma ya zube, saura kalmomi kaɗan. Amma akwai wata Asabar da na tabbata ba za ta bar raina ba har ƙasa ta rufe idona. Ita ce ranar da na kusa shayar da matan unguwarmu giya da hannuna, bayan na yi musu alkawari cewa babu abin da zai shiga bakinsu sai halal.

Karatun maigidana ne ya kai mu Kuala Lumpur. Gwamnati ta ɗauki nauyinsa ya yi digiri na uku, ni kuma na ajiye aikina a wani gidan rediyo a Kano na bi shi da 'ya'yanmu mata biyu. A hawa na tara muke, kullum da yamma muna kallon hadari yana tasowa ta bayan benaye kamar an saita masa agogo. Mu matan ɗalibai da na malaman jami'a ba mu da yawa, shi ya sa muka riƙe juna. Duk Lahadi muna haɗuwa karatu a gidan wata dattijuwa da muke ce wa Hajiya, wadda ta fi kowa daɗewa a ƙasar. Ita ke tarbar baƙuwa ta nuna mata kedai, wato shagon da ake samun naman da hankali zai kwanta da shi, ita ke wankan jariri idan an haihu. Idan ta ce abu ya yi, ya yi. Idan ta yi shiru a kan mutum, to sai ya ji a jikinsa. Ni 'yar rediyo take ce mini, wai ko gaisuwa nake yi sai ka ce labaran ƙarfe bakwai.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar asalin Sin, gajeriya, gashinta fari fat, kowa a benen Anti yake ce mata. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, har ƙaramar Sallar da na yi rabon abinci kamar yadda muka saba a gida. Na kai mata masa da miyar taushe da gorar zoɓo. Washegari ta ƙwanƙwasa ƙofa, gorar a wanke a hannunta. Ba ta tsaya godiya ba, sai ta fara lissafo mini abin da ke ciki: jan fure mai tsami, citta, kanumfari wanda ta ce ya ɗan yi yawa, da abarba. Sannan ta ce tukunyar da na dafa shi na taɓa soya albasa a cikinta. Na tsaya ina kallonta, domin gaskiya ne, kwana uku kafin nan na soya.

Da na tambaye ta inda ta samo irin wannan harshe, sai ta gaya mini sana'arta ba tare da ɓoye komai ba. Ƙanenta yana da gonar inabi a Ostareliya, giyar inabi yake yi. Duk shekara idan sababbi suka fito, ita ke zuwa ta zaɓo, ta kawo wani ɗaki da take da shi a saman jerin shagunan unguwarmu. Mutane su zo su zauna, a zuba musu kaɗan-kaɗan, kowane iri da abincin da ya dace da shi, su sansana, su kurɓa, su tofar a bokiti. Jin haka na ja baya. Mako biyu daga nesa nake ɗaga mata hannu. Ta lura, ba ta kuma ji haushi ba.

Wata rana muka haɗu a lif, ta ce in ba ta minti biyar. Ɗanta ɗaya ne, ya auri Bamalayiya ya musulunta. Tana son matar ɗan nata, matar ma tana girmama ta, amma matar da mahaifiyarta ba su taɓa taka matakalar ɗakin nan ba, kuma ba ta ga laifinsu ba. Abin da ke damunta shi ne, iyakar abin da ta iya a duniya ke nan, ta zaunar da mutum ta haɗa masa abin sha da abinci har ya ji abin da bai taɓa ji ba, kuma mutanen da ta fi so ta yi wa haka su ne ba za ta iya yi wa ba. Tana so a yi rana guda wadda babu ɗigon giya a ɗakin, a ba zoɓona irin darajar da take ba kwalaben ƙanenta. Ta ce in gayyato mutanena, domin idan surukanta suka ga mata Musulmi a zaune, hankalinsu zai kwanta.

Maigidana ya saurare ni har na gama. Ya ce zoɓo halal ne, maƙwabtaka kuma haƙƙi ce, amma in fara shawo kan Hajiya, in ba haka ba ni da Anti kaɗai za mu sha abinmu.

Watannin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin zamana a ƙasar. Busasshen zoɓo a kasuwar Chow Kit nake samowa wurin 'yan Afirka ta Yamma, can bayan masu kifi inda ƙasa ba ta taɓa bushewa. Kayan ƙanshi kuma sai unguwar Brickfields, wurin Indiyawa. Da rana idan yara sun tafi makaranta, Anti ta shigo kicin ɗina da ƙaramin littafinta, mu dafa mu zubar, mu sake dafawa. Ita ta koya mini in fara da hanci kafin baki, in riƙe kurɓi a kan harshe in ƙirga biyar, in ci lomar abinci, in sake kurɓa in ji yadda ya sauya. Ni da nake shan zoɓo tun ina rarrafe, a hannun Basiniya na san cewa mai citta da kanumfari shi ke kwantar da zafin yajin kilishi, mai ganyen ƙanshinsu na pandan kuma masa yake so, mai yawan abarba sai nama mai maiƙo irin tsirensu da suke kira satay. Iri uku muka tsayar.

Hajiya kuwa ba ta zo da sauƙi ba. Da na kawo maganar bayan karatu, ta cire tabarau ta ce, "Ɗakin giya fa kika ce, 'yar rediyo. Ko kunnena ne?" Na yi bayani har bakina ya bushe. Daga ƙarshe ta gindaya sharuɗɗa: a kwashe duk kwalaben giya daga ɗakin, a wanke shi, a sayo sababbin tambulan da ba a taɓa zuba komai a ciki ba, abinci kuma mu da surukan za mu dafa. Anti ta amince da duka, ba ta ja ko ɗaya ba. Da na koma da amsa, Hajiya ta dube ni a gaban matan nan gaba ɗaya ta ce, "Kin ɗauki alhakin abin da zai shiga bakinmu?" Na ce na ɗauka. Ta ce to, alkawari kaya ne.

A nan kuskuren ya shigo, kuma mu biyu muka yi shi, kowacce da irin saninta. Lokacin ɗauko sababbin giya ya yi, Anti za ta tafi Ostareliya, ba za ta dawo ba sai safiyar ranar taron. Ta ce in haɗa zoɓon tun da wuri domin kayan ƙanshin su san juna, in ɗura a kwalabenta sababbi masu matsattsen murfi, in ajiye a ɗakin sanyinta. Ɗakin nan ba firij ba ne. Sanyinsa irin na inuwar safiya ne, daidai yadda giya ke so. Ita ta ɗauka cewa bayan na haɗa komai ina sake tafasawa in ɗura da zafinsa, domin a duniyarta babu mai ajiye abin sha ba tare da haka ba. Ni kuwa yadda mahaifiyata ke yi na yi: na bari ya huce, sannan na zuba sukari da ɗanyen ruwan abarba a duka ukun, na rufe. A gida wa ke ajiye zoɓo? Da safe a haɗa, kafin magariba an shanye. Ita ba ta tambaye ni ba, ni ma ban tambaye ta ba. Haka kwalabe talatin suka kwana goma sha biyu.

Saura kwana biyu na je da mabuɗin da ta bar mini, na buɗe ɗaya. Murfin ya yi wata 'yar ƙara, kumfa ta taso. Na kurɓa. Zaƙin ya ragu, yana ɗan tsikarar harshe kamar lemon kwalba, ga wani ƙanshi mai nauyi kamar na mangwaron da ya nuna sosai. Zoɓon da ya lalace na san shi, tsami yake yi ya yi yauƙi. Wannan babu ko ɗaya. Na ce a raina, ashe wannan ne sanin junan da Anti ke faɗa. Na cika tambulan na shanye, na yi hamdala. A hanyar komawa jikina ya yi wani sakayau, har na gaida mai gadin benenmu sau biyu. Na ɗauka murna ce.

Ranar Asabar bayan Azahar mata suka fara hawowa, Hajiya a gaba, tana taka matakala ɗaya bayan ɗaya tana duban bango kamar mai binciken tsafta. Ɗakin ya zama wani abu dabam. Kantocin da kwalabe ke kwanciya duk wayam. Dogon tebur da farin ƙyalle, kowace kujera da tambulan uku, takardar kanti ma ba a ɓare daga gindinsu ba domin kowa ya ga sababbi ne. A tsakiya na jera ƙoƙuna cike da busasshen zoɓo da citta da kanumfari, don baƙi su ga abin da aka yi abin shan da shi. Sai ga matar ɗan Anti da mahaifiyarta da ƙullin satay. Anti da kanta ta ja wa surukarta kujera. Daga filin jirgi ta wuto, ko gida ba ta biya ba.

Muka shiga ƙaramin kicin na baya mu biyu domin fito da zubin farko. Ina ta ɗokin in nuna mata abin mamakin da na gano. Ta buɗe kwalba, murfin ya yi ƙarar nan, sai na ga ta tsaya cak. Ta zuba kaɗan, ta kai hanci, ta kurɓa, ta riƙe, ta tofar. Ta buɗe iri na biyu da na uku ta yi haka. Sannan ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko na sake tafasawa bayan na zuba abarba. Na ce a'a. Ta rufe ido.

"Ya tashi," in ji ta. "Wannan yanzu ba irin naki ba ne fa. Irin nawa ne."

Na ɗauki ɗan lokaci kafin maganar ta sauka. Da ta sauka, sai na tuna tambulan ɗin shekaranjiya da gaisuwar mai gadi. Ta ƙofa ina jiyo dariyar mata, da muryar Hajiya tana tambayar surukar Anti yadda suke haɗa miyar gyaɗarsu.

Abin da na faɗa a lokacin har yau ina jin kunyarsa, amma tunda na ɗauki ba da labari dole in faɗa. Cewa na yi, "Anti, ai kaɗan ne ko? Babu wadda za ta gane."

"Kaɗan ne," ta ce. "Kuma babu wadda za ta gane, ni kaɗai ce a ginin nan na san ɗanɗanonsa. Kaɗan a wurina ba komai ba ne. A wurinku fa? Wannan ke kika sani, ba ni ba." Ta miƙo mini kwalbar ta sa a hannuna. "Ni dai ba zan zuba wa matar ɗana ba."

Na dubi matar nan da ta yi shekaru tana jiran wannan yini, wadda ta kwashe ɗakinta kaf domin mu, kuma ta fi ni asara idan taron ya watse. Na juye kwalbar a kwamin wanke-wanke. Ta ɗauko ta biyu. Muka yi ta buɗewa muna zubarwa, kwamin ya yi ja kamar wurin yankan layya.

Da muka gama ta riƙe hannuna ta ce in gaya musu laifinta ne, ɗakin giya ne, za su yarda nan take, ni kuma sunana ya tsira. Na san za su yarda. Na kuma san idan na faɗi haka, surukarta ba za ta ƙara kurɓar ko ruwa a hannunta ba. Na ce mata a'a.

Na fita na tsaya a gaban tebur. Na yi bayani da Hausa, na maimaita da Turanci domin surukan, ban rage komai ba: yadda na haɗa, inda na ajiye, abin da ya zama, da cewa mun zubar da shi duka. Wata daga cikin matasanmu ta jawo jakarta ta ɗora a cinya. Duk ido ya koma kan Hajiya.

"Wa ya gano?" ta tambaya.

Na ce Anti ce.

"Ke da kika haɗa, ba ki ɗanɗana ba?"

Na ce na sha shekaranjiya, tambulan guda, ban sani ba.

"To ya kika ji shi?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Gaskiya Hajiya, da daɗi."

Wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki da mayafi, saura suka biyo ta. Hajiya ba ta yi dariya ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce rashin sani ya fi dare duhu, Allah ba Ya kama bawa a kan abin da bai sani ba, in yi istigfari. Ta ƙara da cewa ko ba komai yanzu a cikinmu an samu ƙwararriya.

Sannan ta miƙe ta shiga kicin. Na bi bayanta. Ta dubi kwalaben nan talatin a jere babu komai a ciki, ta dubi jan kwamin, ta dubi Anti da ke tsaye da tsumma a hannu kamar mai jiran hukunci. Ta daɗe tana dubanta. Sai ta kama hannuwanta biyu ta yi mata godiya da guntun Malayancinta, sau uku. Ta juyo gare ni ta ce in kwaso ƙoƙunan nan da na yi wa tebur ado da su, in nemo babbar tukunya, wadda ba a soya albasa a ciki ba idan da hali. Ashe labarin albasar ma ya kai mata.

Ta ɗaure mayafi a ƙugu. Biyu daga cikinmu suka sauka shagon abincin da ke ƙasa suka sayo ƙanƙara. Ruwan yamma ya kece kamar kullum, ɗaki ya cika da tururin zoɓo. Hajiya da Anti suka kaure da gardama a kan kanumfari, Anti tana nuna yatsu huɗu, Hajiya tana nuna cikin tafin hannu, ba mai jin yaren wata sosai. Mahaifiyar matar ɗan ta shigo ta raba su, ta ƙulla ganyen pandan ta jefa a tukunya ta biyu. La'asar ta same mu a nan. Ita surukar ce ta nuna mana alƙibla, Anti ta ciro sababbin ƙyallayen tebur daga leda ta shimfiɗa mana a ƙasa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya har muka sallame.

Bayan haka aka yi ɗanɗanon, iri biyu maimakon uku, da ɗan ɗuminsa ma domin ƙanƙarar ba ta isa ba. Anti ta tsaya ta koya wa mata farawa da hanci, da riƙe kurɓi a harshe, da cin kilishi a tsakani. Bisa sabo ta ajiye ƙaramin sabon bokiti a tsakiyar tebur. Da aka gaya wa Hajiya amfaninsa, ta tura shi gefe da bayan hannu ta ce mu ba ma tofar da abincin Allah. Da aka zo zubi na biyu, matar ɗan Anti ta miƙa tambulan ɗinta da hannu biyu, ta kira ta da sunan da Malayawa ke kiran uwa. Anti ta zuba, kaɗan ya ɗiga a kan farin ƙyallen. Babu wadda ta goge.

A matakala muna sauka Hajiya ta dafa kafaɗata saboda gwiwarta. Ta ce, "Kayan da kika ɗauka kin sauke, 'yar rediyo. Amma ki sani, ba ke kaɗai kika ɗauko shi ba. Waccan tsohuwar ta kama miki." Lahadi ta gaba da na je karatu, wurina yana nan kusa da ita kamar da. Tsokana dai na sha ta har muka bar ƙasar, duk wadda lemonta ya yi wani iri sai ta ce a kai wa ƙwararriya.

Yanzu shekaru sun wuce, muna Kano, yaran da suke amsa mini da Turanci sun girma. Ranar da za mu taso Anti ta naɗo mini tambulan ɗaya daga cikin na ranar, takardar kanti tana nan a gindinsa har yau. Ba na sha da shi, a kabad yake. Zoɓo kuwa ba ya kwana a gidana, ko a firij.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ban san kaina ba sai da na tsaya a inda babu mai ganina. Ni mai sallah, mai zuwa karatu duk Lahadi, ni ce na ce kaɗan ne. Wadda ta tsare mini addinina a wannan minti mace ce da ba ta taɓa yin alwala ba, kuma giya ce sana'arta. Tun daga ranar na daina auna amanar mutum da tufafinsa ko sana'arsa, na kuma daina saurin yabon tawa.